Tagogi Biyu a Lungun Mai Kemis

Duk ranar da ake sa shirin rediyo kan shari'ar kisan mai kemis, Anti Babba ba ta yarda kowa ya taɓa mata rediyo. Tun da hantsi take sa shi a caji, ta ɗora shi kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli, don kada ya mutu in wuta ta ɗauke ana tsakiyar magana. Shagon ɗinkinta a saman bene yake, ɗaki guda mai tsawo, kekuna jere a jikin bango, ƙyallaye ko'ina a ƙasa, ga zafin dutsen guga da ba ya barin mutum ya sake. Mata ne zalla ke aiki a ciki, kuma in ka ga yadda suke gyara zama idan lokacin shirin ya yi, sai ka rantse labarin daɗi za a ba su. Alhali mutum aka kashe, kuma a ƙarshen lungunsu aka kashe shi.

Mace ɗaya ce a cikinsu ba ta gyara zama. 'Yar Maɓalli suke ce mata, don aikinta ke nan. Ita ke ɗinka maɓalli, ta kama bakin riga da hannu, ta tsinke zaren da keke ya bari. Ba ta da keke. Kujerar roba gare ta a bakin taga, da gwangwanin maɓallai a kan cinya, domin aikin allura haske yake so. Daga tagar nan kuwa ana ganin tsakar gidan mai kemis tas, duk da tsawon katangarsa, saboda a ƙofar gidan lungun ya ƙare.

Ranar da abin ya faru, sauran matan sun tafi kai kayan makarantar da aka ba su ɗinki, aka bar ta ita kaɗai tana ƙarasa maɓallan da suka rage. Ta ga wani ɗan kwangila mai farar mota, wanda ya saba zuwa lungun, ya shiga gidan. Ta ga shi da mai kemis sun yi ta nuna wa juna yatsa kusa da tankin ruwa. Ta ga ɗan kwangilar ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen da ake tokare ƙofa da shi. Sauran abin da ta gani, har yau shi ke hana ta cin nama.

Da farko ta ja bakinta ta tsuke, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Sai aka kama tsohon mai gadin lungun, wanda kullum shi ke riƙe hannun 'yarta ya tsallakar da ita titi, aka ce shi ya yi. Daga nan abinci ya daina wuce mata. Wata ranar hutu ta lulluɓe har ido, ta je gidan rediyo, ta nemi mutumin da ke gabatar da shirin. Mai Shirin ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya rantse ya maya cewa ko matarsa ba za ta ji ba. Suka sa na'ura ta juya muryarta ta koma kamar ta ƙato mai mura, suka kira ta "wata baiwar Allah". Bayan an sa maganarta aka saki tsoho, aka kama ɗan kwangila, gari ya ɗauka.

Ɗan kwangila yana tsare, amma yaransa ba a tsare suke ba. Direbansa da ya ce zai faɗi gaskiya a kotu, an tsince shi a bakin kwata da karyayyun ƙafafu, kuma tun daga ranar ya manta komai, har kalar motar da yake tuƙawa. Wannan 'Yar Maɓalli ta sani. Shi ya sa ko mijinta, da ke can kan hanya da babbar mota, ba ta faɗa masa ba. Abin da take roƙon Allah kullum shi ne kada a san ko wace ce, ita da 'yarta su ci gaba da fita da safe su dawo da yamma lafiya.

To shi Mai Shirin ba mugu ba ne, a ba shi wannan. Cutarsa ɗaya, ba ya son a ƙure shi. Rabin shirinsa labarin kotu ne, rabi tambayoyin masu sauraro, kuma da kirari yake buɗe wannan rabin.

"Jama'a, layi a buɗe yake," in ji shi ranar nan. "Kun san tsarinmu, a nan ba a mayar da tambaya gida."

"Faɗa musu, ɗan albarka!" in ji Aku, mai keken kusa da ƙofa, wadda bakinta ya fi kekenta gudu.

Ya fara da takaici. Lauyan ɗan kwangila ya tsaya gaban alƙali ya ce babu wata baiwar Allah, a ɗakin rediyo aka ƙera ta. Kana jin muryar Mai Shirin ka san maganar ta soke shi. Yana cikin huci sai ga saƙo ya shigo, ya karanta.

"Wannan daga wani mai sauraronmu na kullum. Ya ce, katangar gidan marigayi ta fi mutum tsawo, to yaya matar nan ta ga abin da ya faru a ciki, ko aljana ce? Malam, ba aljana ba ce. Katanga mai tafiya a ƙasa take tarewa. Ita daga sama ta gani."

Allurar da ke hannun 'Yar Maɓalli ta tsaya a cikin ramin maɓalli.

"Daga sama!" Aku ta saki keke ta tafa hannu. "Ku tsaya, ku tsaya. Benaye nawa ne a lungun nan? Namu, da na Mai Kitso, da na masu siminti."

"Na siminti ba shi da taga ta wannan gefen," in ji wata daga can ƙurya, bakinta cike da fil.

"To saura biyu. Kai, Anti, ashe muna kusa da shiga tarihi."

"Ki shiga tarihi da siket ɗin mutane a hannunki," in ji Anti Babba. "Gobe mai shi za ta zo."

Aka yi dariya. 'Yar Maɓalli ma ta buɗe baki kamar mai dariya. Ta lallashi kanta da cewa bene ba mutum ɗaya ke hawansa ba. Masu kawo ɗinki suna hawa, masu zuwa kitso suna hawa, har mai karatun mita yana hawa.

Sai aka haɗa wani mai kira. Namiji ne, muryarsa a kwance, ga ladabi kamar mai neman aure. Ya gaida Mai Shirin, ya yaba aikinsa, ya yi wa mamaci addu'a. Sannan ya ce shi dai abu ɗaya ke damunsa. Idan matar nan wucewa kawai ta zo yi, baƙuwa ce ke nan, kuma baƙo ba ya gane fuska daga nesa. Kada a je a zalunci bawan Allah a kan ganin baƙuwa.

"Wa ya ce maka baƙuwa ce?" Mai Shirin ya ɗaga murya, yana jin daɗin ya samu wanda zai kayar. "Kullum tana wurin. A nan take neman abincinta. Ta san motar, ta san mai motar."

"Madalla," in ji mutumin. "Na gamsu, Allah ya saka."

A nan ne 'Yar Maɓalli ta gane abin da ake yi. Ita 'yar shagon ɗinki ce, ta san awo in ta gan shi. Ba a auna mutum gaba ɗaya, kafaɗa ake fara ɗauka, sannan ƙugu, sannan tsawo, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, sai an haɗa riga ta fito daidai jikin mai ita. Masu tambayar nan babu wanda ya tambayi mamaci, babu wanda ya tambayi ranar komawa kotu. Ita suke aunawa, shi kuma wancan bawan Allah yana riƙe musu tef yana murmushi.

Saƙo na gaba wai daga wata uwar gida ya fito. Ta ce ita ba ta yarda da 'yan sa-ido ba, me ya kai mai sana'a bakin taga da rana tsaka ta bar aikinta?

"Hajiya, ki nemi gafararta," in ji Mai Shirin. "Ba barin aiki ta yi ba, aikin ne ya zaunar da ita a wurin. Sana'ar hannu ce mai son haske."

Kekunan suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Aku ce kawai ba ta ji canjin iskar ɗakin ba.

"La ilaha! To ai an gama," ta ce tana ƙyalƙyala dariya. "Ko ke ce, 'Yar Maɓalli, ko ƙawarki Mai Kitso. Faɗa mana gaskiya, ke ce mai muryar ƙaton nan?"

"Ni? Ni da ko kaza aka yanka ba na tsayawa?"

Muryar ta fito mata siririya, ba irin tata ba. Ta sunkuyar da kai cikin gwangwani tana ta tonon maɓallin da ba ta nema. Ta gefen ido tana hango ɗaya tagar, can tsallaken lungu. Mai Kitso na tsaye a bakinta kamar kullum, goyon ɗanta a baya, kan wata mata a tsakanin hannayenta, tana tsaga da tsinke. Ita ba ta sauraron shirin nan, ta ce labarin gawa yana sa mata ciwon kai, waƙoƙi take sawa a wayarta. Ita ke yi wa 'yar 'Yar Maɓalli kitso duk ƙarshen mako, kuma in an miƙa mata ko sisi sai ta yi fushi.

"Ga wata tambaya mai kyau," in ji Mai Shirin. "Mai sauraro ya ce, don a rufe bakin lauyan nan, a faɗa mana abin da matar ke iya gani daga inda take, ɓangaren tankin ruwa ne ko ɓangaren ƙofar kicin. Zan amsa, har da ƙari. Amma bari mu ji daga masu ɗaukar nauyin shiri."

Kiɗan tallan sabulu ya cika ɗakin. 'Yar Maɓalli ta san amsar, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a lungun ya san ma'anarta. Tagar Mai Kitso ƙofar kicin take kallo. Tankin ruwa kuwa, taga ɗaya ce a duniya ke ganinsa, kuma kujera ɗaya ce a bakinta.

Ta miƙe, gwangwanin ya zame, maɓallai suka watse a ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin kekuna.

"Ke lafiya?" in ji Anti Babba.

"Cikina ne, Anti."

Ta fita ta ja ƙofa, amma ba ta nufi banɗaki ba. A kan matakala ta durƙusa, wurin da ake tara buhunan ƙyalle, ta zaro waya daga cikin zani. Lambar Mai Shirin ta kansa tana ciki, da sunan "mai gyaran fanka" ta ajiye ta. Ta kira, a kashe. Mutum yana gaban makirufo, ina zai bar waya a kunne? Ta kira layin shirin, ana magana. Ta sake, ana magana. Duk garin nan kowa na da tambaya, masu shayi da masu jiran mota da waɗanda aikin yi ya ƙare musu, kowa na son a ji muryarsa a kan jinin wani, ita da ranta ke kan layi ta rasa hanyar shiga. Garin sauri har tana danna lambar da ba ita ba. Ta bayan ƙofa ta ji tallan sabulu ya ƙare, an shiga na maganin sauro.

Sai ta ji kiran ya shiga.

"Gidan rediyo, daga ina?" Wata budurwa ce, da jin muryarta ta gaji da mutane.

"Don Allah 'yar'uwa, ki ce masa kada ya amsa, ki ce masa..."

"Hajiya, ki faɗa masa da bakinki. Ki yi nesa da rediyonki, kada ki yi zagi, kada ki yi dogon gaisuwa. Ga shi nan."

"A'a, ba so nake a sa ni..."

Wani ƙit ya yi a kunnenta, sai ga muryar nan da ta sani, kusa, kamar yana zaune gefenta a kan buhu.

"Mun dawo, jama'a. Kafin in amsa waccan, ga wata 'yar'uwa a layi. Muna jin ki."

"Salamu alaikum," ta ce, don bakinta bai sami wani abu ba.

Jim kaɗan ta ji sallamar tata ta fito daga rediyon Anti Babba ta bayan ƙofa. Muryarta ce tsirara, babu na'ura, babu mura, muryar da duk lungun ya sani. Ta ji Aku ta ƙwalla ihu a ciki. Nan take ta ga ramin da ta jefa kanta. In ta ce kada ya amsa, ta amsa musu da kanta. In ta kashe waya, zai koma kan tanki da kicin. Mutumin nan mai ladabi yana can wani wuri ya kasa kunne. Ta tuna ƙafafun direba. Ta tuna 'yarta da za a taso daga makaranta an jima, ta biyo lungun nan ita kaɗai da jaka a baya. Tsoro ya rufe ta ruf, irin wanda ba ya barin wurin tunani.

"Hajiya, mece ce tambayarki?"

"Tambayata," ta ce, "wai... wai ba mai kitson nan ba ce, ta benen da ke tsallake? Mu dai a unguwa haka muke ji."

Magana zarar bunu ce. Tana fita ta so ta kamo ta, amma ina.

Mai Shirin ya yi shiru. Ya gane muryar, ai shi kaɗai ya taɓa jin ta kafin na'ura ta taɓa ta. Wataƙila a lokacin ne ya waiwaya ya ga tambayoyin da ya yi ta amsawa da fara'a, ya ga inda suka dosa. In ya ce ba ita ba ce, saura taga ɗaya. In ya ce ita ce, ya yi ƙarya a kan matar da bai taɓa gani ba. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba sai ga shi yana jan numfashi a kunnen gari guda.

"Wannan..." ya ce. "Wannan ba zan amsa ba. Mu... a sa mana kiɗa."

Ta kashe wayar, ta miƙe daga kan matakala. Da ta tura ƙofa, Aku ce ta tarye ta, idanu waje.

"Shegiya 'Yar Maɓalli! Ashe ciwon cikin ke nan! Kun ji yadda ya daburce? Mutumin da ba ya mayar da tambaya gida, yau ya mayar. Ai shiru ma magana ce. Wallahi Mai Kitso ce! Ka ga mace, kullum tana waƙe-waƙe kamar ba ta san komai ba."

Sauran suka sunkuyar da kai kan ɗinkinsu. Wata tana tsince maɓallai a ƙasa ba tare da ta ɗago ba. Anti Babba ta miƙa hannu ta kashe rediyon, abin da ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar shiri. Ta zo har gaban 'Yar Maɓalli, ta rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Ranar da aka yi kisan, Mai Kitso ba ta buɗe shago ba. Ɗanta na asibiti, ni na raka ta da safe." Ta dube ta ido cikin ido. "Mu kuma da muka tafi kai kaya, ke muka bari a nan. 'Yar nan, me kika yi?"

'Yar Maɓalli ta kawar da kai. Wayar da ke hannunta ta fara rawa, "mai gyaran fanka" ne ke kira, ta bar ta tana yi. Ƙafafunta suka kai ta bakin taga, don ba su san wani wuri ba a ɗakin.

Mai Kitso na nan inda take. Ta gama gefe guda na kan matar, tana shafa mai a tsaga, tana rausaya kai da waƙar da ita kaɗai ke ji. Yaron ya yi barci a bayanta, kansa ya langaɓe gefe. Ta ɗago ta hango ƙawarta, ta washe baki, ta ɗaga mata tsinken kitso, sannan ta nuna kanta ta nuna ƙasa daidai tsawon yarinya, wato a turo mata 'yar in an taso.

Wani babur ya shigo lungun a hankali, mutum biyu a kai, kowanne da hular kwano. Ba su yi sauri ba, ba su yi hon ba. Suka wuce shagon siminti, suka wuce ƙofar benen Anti Babba ba tare da sun ko kalle ta ba, suka tsaya a tsallake. Na bayan ya sauko, ya gyara wani abu a ƙugunsa ƙarƙashin riga, ya ɗaga kai yana duban tagar Mai Kitso.

Abin da ya fara zuwa wa 'Yar Maɓalli, Allah ya sani, sanyi ne a rai. Ba ita suke kallo ba. Sanyin bai gama sauka ba kunya ta biyo shi, mai ɗaci. Mutumin ya taka matakalar farko ta benen tsallake.

"Ki matsa daga wurin nan," in ji Anti Babba a bayanta. "Ki matsa, na ce."

'Yar Maɓalli ta sa hannu biyu ta tura tagar. Ƙarfen ya yi tsatsa, ya yi wata ƙara da ta ratsa lungun daga farko har ƙarshe. Mai Kitso ta tsaya da tsinke a hannu. 'Yar Maɓalli ta leƙa har ƙirji, ta cika huhunta da iska, ta buɗe baki. Mutumin da ke kan matakala ya dawo da ƙafarsa ƙasa, ya juyo, ya ɗaga gilashin hularsa, ya tsaya yana jira ya ji me za ta ce.